Taku na Goma Sha Huɗu

Lionel Garside yana da shekara shida mahaifinsa ya koya masa wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da doki da sojoji, a kan teburin kicin, a gidansu da ke Halifax. Mahaifin, Wilf, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aikinsa jan ƙarafan da ke sauya wa jirage hanya, kuma a wasa bai taɓa wuce na tsaka-tsaki ba. Abu biyu ya iya koya wa ɗansa da kyau: yadda doki ke tsalle, da zama a kan hannuwa. A cewarsa, in hannunka na ƙarƙashin cinyarka, kafin ka zaro shi ka kai kan allo ka sake tunani. Yaron bai cika takwas ba Wilf ya daina cinsa. Bai ji haushi ba, ya saba tsayawa yana kallon jirage suna wuce shi. Ya dai saya wa yaron littafi a kasuwar tsofaffin kaya, ya koma gefe yana kallo.

Daga nan sai kulob ɗin garin, wani ɗaki a saman mashaya, inda dattawa ke taruwa da lofensu da rigunan sanyi masu faci a gwiwar hannu. A can Lionel ya koyi danna agogo, da rubuta kowane taku a takarda, da miƙa hannu idan an gama. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kansa, shi ne bita. Al'adar 'yan ces ce, ba ta cikin kowane littafin doka, amma ta fi wasu dokokin ƙarfi. Idan wasa ya ƙare, wanda ya ci ba ya tashi. Su biyun za su mayar da 'ya'yan wasan gidajensu, su bi wasan tun daga farko, wanda aka ci ya riƙa cewa da na yi kaza fa, wanda ya ci ya riƙa nuna masa, ko kuma ya yarda cewa lallai da ya sha wuya. Mutanenmu na Yorkshire bakinsu ba ya iya cewa yi haƙuri, ba ya iya cewa ka burge ni. Da bita suke faɗin duka biyun. Lionel kuwa gani yake ɓata lokaci ne, tun da an riga an rubuta sakamako.

Yana da sha biyu aka haɗa shi da Cyril Tordoff a gasar gunduma. Tordoff a lokacin ɗan hamsin ne, malamin lissafi, ya riƙe kambun gundumar har an gaji da zana sunansa a jikin kofin, kuma a samartakarsa ya taɓa buga wa ƙasa wasa a waje. Yaron ya zauna a kan hannuwansa, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. A taku na goma sha huɗu ya jefa dokinsa gaban sarkin Tordoff, kyauta. Tordoff ya ci dokin. Taku tara bayan haka ya tsayar da agogo ya miƙa hannu, alamar ya sallama. Mutane sun kewaye teburin har da masu leƙe ta kafaɗa. Dattijon ya yi murmushin ƙarfin hali, ya fara jera 'ya'yan wasan.

"To, samari, zo mu duba. Akwai wani abu a wajen dokin nan."

Lionel ya riga ya miƙe, yana zura hannu a kwat ɗinsa.

"Babu abin dubawa, Mista Tordoff. Tun taku na sha huɗu wasan ya ƙare."

A nasa ganin ba rashin kunya ya yi ba, gaskiya ya faɗa. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, sannan ya mayar da ita tari. A jirgin komawa gida, sun kusa sauka Wilf ya juyo ya dube shi.

"Da ka zauna," in ji shi.

"Ai na ci, Baba."

"Na gani. Ina wajen."

Maganar ba ta sake tasowa a gidan ba.

Shekarun da suka biyo baya irin na kowane yaro mai baiwa ne a ƙasar nan. Hotonsa a jaridar gari ya yi tagumi a gaban allo, shugaban makaranta yana kiran sunansa a taron safe, sai tafiye-tafiye gasar matasa a ƙasashen da bai ga komai nasu ba sai zauren wasa da tashar jirgi. Ya ƙi jami'a. Ya shiga sahun masu yawon gasar ƙarshen mako, daga wannan garin bakin teku zuwa wancan, a bas, yana kwana a masaukin da ake kashe ruwan zafi ƙarfe tara na safe, abincinsa soyayyen dankali a takarda. Ba ya bita da kowa. Da farko aka ce ƙuruciya ce, daga baya aka ce hali ne, daga ƙarshe aka daina yi masa tayi. Lionel na da sha tara Wilf ya rasu, ya bar masa agogon hannu da allon kicin.

Abin da yake nema shi ne laƙabin Babban Gwani, wanda babu sama da shi sai zama zakaran duniya. Ba a ba da shi sai mutum ya tara shaida uku, wato ya yi rawar gani har sau uku a gasar da manya ke ciki, kowace gasa wasa tara. Yana da ashirin da ɗaya ya samu biyu a jere, aka fara yi masa barka tun lokaci bai yi ba. Ta ukun ta ƙi zuwa. Shekara biyu yana binta, kullum rabin maki ke raba su.

Mahaifiyarsa Doreen, wadda ke dafa abinci a makarantar firamare, ba ta taɓa koyon wasan ba, amma ta iya ƙirga shekaru. Ƙaninta ya samar wa Lionel aiki a wani ofishin inshora a Leeds, aka ce za a riƙe masa kujerar zuwa Litinin ta biyu a watan Maris.

"Ba cewa na yi ka daina ba," ta ce masa tana goge tebur. "Babanka ma ya yi wasansa, ya kuma je aiki. Amma ashirin da uku fa, Lionel. 'Yar Misis Oddy da kuka yi aji ɗaya, 'ya'yanta biyu."

"Saura gasar Scarborough, Mama. In ban samu a can ba, Litinin ina Leeds."

"Kai ka faɗa da bakinka."

"Ni na faɗa."

Gasar Scarborough ta mutum goma ce, kowa zai kara da kowa, a zauren wani otal da ke saman tudu yana kallon teku. An gayyato manya huɗu daga waje, sauran 'yan gida ne, cikinsu har da Cyril Tordoff, wanda aka sa don girmamawa, don kuma a cike gurbi. Yanzu yana da sittin da ɗaya, ya yi ritaya, yana dogara sanda saboda gwiwa. Wasa takwas ya yi, an ci shi bakwai. Shi da Lionel sun yi kwana takwas suna haɗuwa a bakin ƙofa, kowa ya ɗan gyaɗa kai ya wuce.

Lionel kuwa ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Ranar Lahadi, ranar ƙarshe, canjaras kawai yake buƙata, kuma da Tordoff zai kara. Kowa ya ɗauka an gama. Har wani ɗan jarida ya tare shi wajen karin kumallo yana tambayar yadda ake rubuta sunan mahaifiyarsa.

Ƙarfe goma na safe alƙaliyar gasar, Mis Pennock, ta ce a fara. Lionel ne da fararen 'ya'ya. Ya tura sojan gaban sarki gida biyu, ya danna agogo, ya rubuta, ya zauna a kan hannuwansa. Kujerar da ke gabansa babu kowa.

Dokar lokacin ita ce a jira mutum awa guda. In awar ta cika bai zo ba, an ci shi. Goma da kwata Lionel yana kallon teku ta taga, ko a jikinsa. Goma da minti ashirin wani abu ya faɗo masa a rai, ya tashi ya tafi teburin Mis Pennock, wadda ke saƙa wata riga ruwan toka da ta fara tun ranar farko.

"In bai zo ba fa?"

"Maki ɗaya naka. Har da kofin ma, in lissafina daidai ne." Ba ta ɗaga ido daga saƙar ba. "Amma shaida babu."

"Kamar yaya babu?"

"Wasa tara aka ce, Mista Garside, a kan allo. Kana da takwas. Wanda ba a buga ba ai ba wasa ba ne. Ba ni na rubuta ba, karantawa kawai nake yi."

Lionel ya san dokar. Kowa ya santa. Bai dai taɓa tunanin za ta biyo ta kansa ba. Gumi ya keto masa a ɗakin da kowa ke sanye da rigar sanyi.

"Na buga waya masaukinsa," ta ci gaba. "Matar gidan ta ce tun takwas ya fita da akwatinsa. Jirginsa sai sha biyu da rabi. In ni ce, zan duba shagon shayin nan na bakin ruwa, inda yake karyawa kullum." Sai yanzu ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan wasa ba ya barin zaure sai da izinina. Na ga alamar kana buƙatar shan iska, je ka sha. Amma sha ɗaya sha ɗaya ce, ko ɗan sarauniya ne."

Ɗan jirgin da ke sauke mutane daga tudun an rufe shi sai bazara. Lionel ya bi matakala da gudu, ko kwat bai ɗauka ba, iska na marin fuskarsa. Goma da rabi ya tura ƙofar shagon.

Tordoff yana can a kusurwa, akwati a gefen ƙafarsa. Ya cinye bandar kifinsa, ya jera ƙayoyin a bakin faranti. A gabansa, tsakanin butar shayi da kwanon sukari, akwai ɗan allon aljihu, irin mai ramuka da ake soke 'ya'yan a ciki.

"A'a, Babban Gwani da kansa," in ji shi. "Ka zo karɓar gaisuwa ne?"

"Mista Tordoff, agogonka na tafiya."

"Bar shi ya tafi, ya san hanya. Na ba ka makin, me kuma kake so? Ko sai na haɗa maka da katin taya murna?"

"Ka san makin ba zai yi mini amfani ba."

"Na sani." Ya kurɓi shayi. "Ni ma na iya karatu."

"Rufe mana ƙofar mana, ɗana, kana shigo mana da teku," matar shagon ta ce daga bayan kanta. "Shayi?" Ta kawo wa Lionel ta ajiye.

"Ba don kai na ƙi zuwa ba, kada ka ɗauki kanka wata tsiya," Tordoff ya ce. "Bakwai aka yi mini. Bakwai. Jiya wani yaro ɗan Holan ya cinye ni yana cin ayaba. Na tashi yau na dubi tudun nan, gwiwata ta ce ba da ita ba. Sai daga baya na tuna abin da hakan zai jawo maka. Na ɗan jira in ji ko zan damu. Ban damu ba."

"Taku goma kawai. Mu yi canjaras, ka kama jirginka."

"Ni ban taɓa ba da canjaras sadaka ba, ban kuma taɓa roƙonsa ba. In na hau can, wasa zan yi." Ya juyo da ɗan allon wajen Lionel. "Ka gane nan?"

Kallo ɗaya Lionel ya yi masa. Ɗan ces na iya manta ranar haihuwar uwarsa, amma ba ya manta inda ya taɓa ajiye doki. Ga shi nan a gaban sarkin baƙaƙe, inda ya jefa shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Ka ce babu abin dubawa. To ni na duba." Tordoff ya zare sarauniyarsa ya soke ta gida ɗaya baya. "Ba dole in ci dokin ba. Ga shi. Sarauniya ta koma, ta tsare ko'ina, dokinka ya rasa hanyar gida. Tun a teburin na gani, minti ɗaya bayan na miƙa hannu. Shi na so in nuna maka ran nan, kana ta neman hannun kwat."

Lionel ya saci kallon agogon mahaifinsa. Sha ɗaya saura ashirin da biyu. Hawan tudun da wannan gwiwar, kwata guda ne in an yi sauri.

"Gaskiyarka," ya ce da hanzari. "Da ka yi haka da ka ci ni. Na yarda. Abin da na faɗa kuma, ƙuruciya ce. Mu tafi."

Tordoff ya ɗauki cokali ya juya shayin da ya riga ya huce.

"Shekara talatin da biyar ina koyar da yara, samari. Na san fuskar wanda ya kwafi amsa. Ko kallon allon ba ka yi ba. Je ka karɓi kofinka."

Lionel ya sauke ido kan allon. Sannan ya ja kujera ya zauna, bai ma san lokacin da hannuwansa suka shige ƙarƙashin cinyoyinsa ba.

Takun yana da kyau, wannan babu ƙarya. Minti biyu ya yi yana ganin kamar dattijon na da gaskiya, kunya ta fara kama shi. Sannan ya gani. Akwai wani ɗan soja can a gefen allo, wanda babu ruwansa da rigimar. In aka tura shi gida ɗaya, taku huɗu gaba sarauniyar za ta rasa inda za ta tsaya, in ta gusa kuma sarki ya zama tsirara. Yaro ɗan sha biyu bai ga wannan ba, ba zai ma iya gani ba. Sa'a ya yi, bakinsa ya faɗi abin da kansa bai sani ba. Amma dai hakan ne, tun taku na sha huɗu wasan ya ƙare.

Yanzu ya kalli allon da gaske, kuma Tordoff ya ga ya kalla. In ya ɗago ya ce ka yi daidai, za a yarda da shi. Saura minti goma sha takwas, za su isa. In kuwa ya tura sojan, zai ƙwace wa mutumin abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo da shi a aljihu, kuma wanda ka yi wa haka da wuya ya tashi ya hau maka tudu. Lionel ya san duka wannan, hangen gaba ai shi ne sana'arsa. Ya tuna Leeds, ya tuna uwarsa tana goge tebur. Ya zaro hannunsa ya tura sojan. Ko daga baya bai taɓa iya faɗin dalili ba, ban da cewa shi ne takun da ke daidai.

"Wannan kuma fa?" in ji Tordoff. "Me ya haɗa shi da maganar?"

"Yi takunka, ka gani."

Ya yi. Lionel ya amsa. Ya sake yi, Lionel ya sake amsawa. A na huɗu Tordoff ya zare sarauniyar ya riƙe ta a sama, yana neman ramin da zai soke ta, babu.

"Kai!" ya ce. "Tsaya, tsaya. Mayar da su. In na fito da dokina tukuna fa?"

Saura kwata. Nan ne iyakar, Lionel ya sani. Ya buɗe baki zai ce mu ƙarasa a can sama, sai ya dubi dattijon. Ya ture faranti gefe, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa allon, kunnuwansa sun yi ja, ya manta da gwiwa, ya manta da jirgi, ya manta da bakwai ɗin da aka yi masa. Lionel ya rufe bakinsa ya mayar da 'ya'yan.

"In ka fito da dokin, sai in ci nan. Amma duba, ba dole ka rama nan take ba. Kana da wannan."

"Ƙwarai kuwa! Ashe akwai wannan."

"Akwai, amma ba ya isa. Bari ka ga dalili."

"A hankali, samari, hannunka ya fi idona sauri."

Hanya uku Tordoff ya gwada, Lionel ya bi shi har ƙarshen kowace. A ta biyun ma sai da ya ɗan yi tunani, ya kuma faɗa a fili cewa wannan ta fi sauran, abin da bai taɓa gaya wa wani mahaluki ba. Matar shagon ta zo ta ƙara ruwan zafi a buta, ta dube su ta girgiza kai ta koma. Daga ƙarshe Tordoff ya jingina, ya zare sarkinsa ya kwantar da shi a gefen kwanon sukari.

"Ɗan banzan soja," ya ce a hankali, kamar mai yabo. "Shekara goma sha ɗaya ina kallon allon nan, ban taɓa duba wannan kusurwar ba." Ya ɗago. "Ka gan shi ran nan?"

"A'a. Yanzu na gan shi."

"Wato cika baki kawai ka yi."

"Cika baki kawai."

Tordoff ya yi dariya har ta sarƙe shi. Ya goge ido, ya laluba sandarsa.

"Minti nawa muka yi?"

"Bai kai kwata ba."

"Bai kai kwata ba," ya maimaita, yana girgiza kai. "Ɗauko akwatin, kai ne mai ƙafa."

Sha ɗaya saura takwas suka fito. Safiyar Lahadi ce a watan Maris, babu tasi ko ɗaya a bakin ruwa, sai tsuntsayen teku da wani mutum mai yawo da kare. Lionel ya riƙe akwati da hannu ɗaya, gwiwar hannun dattijon da ɗayan. A yi wa Tordoff adalci, ya yi iya yinsa. Bai yi ƙorafi ba, yana ɗaga ƙafa mai lafiya yana jawo ɗayar, fuskarsa ta koma ruwan toka. Sau biyu Lionel ya ce su tsaya, ya ƙi. Suna tsakiyar matakalar, rufin otal ɗin ya fara bayyana, ƙararrawar coci ta soma bugawa. Su biyun suka tsaya ba tare da sun shawarci juna ba, suka saurare ta har ta cika goma sha ɗaya.

"Agogon cocin nan gaba yake yi," in ji Tordoff yana haki.

"Ba ya yi."

"A'a, ba ya yi."

Suka ci gaba da hawa, a hankali yanzu.

Sha ɗaya da minti shida suka shiga zauren. Sauran tebura huɗu kowa ya duƙufa, babu wanda ya ɗago. Mis Pennock ta riga ta tsayar da agogon, ta rubuta ɗaya a gaban sunan Garside, sifili a gaban na Tordoff. Ta ajiye saƙarta ta miƙe, abin da ba a ga ta yi ba duk makon.

"Na jira har bugun ƙarshe ya mutu," ta ce da ƙaramar murya. Ta dubi akwatin, ta dubi Tordoff. "Akwai shayi a falo."

Lionel ya gyaɗa kai. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar jana'izar Wilf, kuma Wilf ɗin yake so ya gani a lokacin, ba kowa ba.

Da yamma aka ba shi kofin, ya riƙe aka ɗauki hoto. Litinin ya kama jirgin bakwai da kwata zuwa Leeds, kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Laƙabin ya zo bayan shekara huɗu, a hutun da ya ɗauka daga ofis, lokacin da tsararrakinsa duk sun riga shi har jarida ta daina sa hoto. Waɗanda suka kara da shi bayan nan suna cewa cinsa da wuya, amma rabuwa da shi bayan wasa ya fi wuya. Wannan duk daga baya ne.

A safiyar nan, teburinsu yana nan yadda ya bar shi, farin soja shi kaɗai a tsakiyar allo. Tordoff ya ja ƙafa ya isa wajen, ya rataye sandarsa a bayan kujera, ya zauna da nishi.

"An riga an rubuta sakamako, Mista Tordoff," in ji Mis Pennock.

"Na ji. Ana buƙatar teburin ne?"

"A'a."

"To."

Ya tura nasa sojan gida biyu, ya danna agogon, ya dubi Lionel wanda ke tsaye har yanzu da akwati a hannu.

"Jirginka fa?" in ji Lionel.

"Akwai wani gobe. Kada dai ka sa ran canjaras."

Lionel ya ajiye akwatin, ya ja kujera, ya zauna a kan hannuwansa.